'Yar Kano da shugabanci a harkar sadarwa: ina hanyar take, kuma yaushe ake fara hidima?

"Assalamu alaikum Anti. Na karanta injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero, na yi bautar ƙasa, yanzu shekarata uku ina aiki da wani kamfanin 'yan kwangila da ke kula da ƙarafan sabis a Kano da Jigawa. Ni kaɗai ce mace a sashenmu. Bayan babbar salla za a ɗaura mini aure. Duk matan da nake jin labarinsu sun yi shugabanci a harkar sadarwa a Legas suke. Anya wadda ke zaune a Kano da aurenta za ta kai can? Na biyu, ina so in buɗe gidauniyar taimaka wa 'yan mata su koyi fasaha. Ƙawata ta ce zai ɗaga sunana a wurin aiki, Umma kuma ta ce in bari sai na yi ƙarfi. Wa zan bi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a auren, ya nuna mana lokacin lafiya. Idan na fahimce ki da kyau, kina son sanin ko mace za ta iya kaiwa teburin da ake yanke hukunci a wannan sana'a ba tare da ta tattara kayanta ta bar Kano ba, sannan ko aikin al'umma tsani ne da zai hau da ke, ko kuwa kaya ne da zai danne ki tun ba ki miƙe ba. Zan ba ki amsa daga abin da na gani. Na shiga harkar nan a 2002, na fara a sashen da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe don kira ya samu hanyar wucewa, daga baya na riƙe ofishin yanki, yanzu kuma ina aikin ba da shawara. Ban taɓa zama a majalisar daraktoci ta hedikwata ba, saboda haka abin da zan faɗa kan wancan bene na ƙarshe gani ne daga ƙasa.

Yadda aka gina gidan tun farko

Sai kin san tsarin gidan kafin ki san inda matakala take. Kafin 2001 layukan NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. A Kano, gidan da ke da lamba mai farawa da 064 sananne ne a unguwa, maƙwabta a nan suke karɓar kiran 'yan uwansu. A watan Janairun 2001 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin minti ɗaya naira 50 ne, ko gaisuwa kawai kika yi kika kashe sai an cire miki kuɗin minti cikakke, har sai da Globacom ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Etisalat ta biyo baya a 2008. Abin lura a nan shi ne duk manyan kamfanonin a Legas suka kafa hedikwata, mai sa ido kuma, wato NCC, tana Abuja. Kano babbar kasuwa ce, duk wanda ya taɓa kutsawa cikin Farm Centre ko titin Beirut da yamma ya san irin wayar da ke juyawa a garin nan, amma a takardar kamfani sunanta "yanki". A yanki ana aiwatarwa ne, kasafin kuɗi da tsari daga sama suke saukowa.

Abu na biyu ya fi shafar ki kai tsaye. Wajen 2014 manyan kamfanonin suka riƙa sayar da ƙarafansu ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su IHS, su kuma suna haya. Masu ƙarafan sai suka ba ƙananan 'yan kwangila aikin zuba gas a inji, canjin batir, share fili da gadi. A wannan zangon kike. Aiki ne na gaske, kuma a nan ake sanin makamar sana'a, amma tsaninsa gajere ne ga kowa, mace ko namiji: injiniyan fili, mai kula da rukuni, manajan aiki, sai mai kamfani da 'ya'yansa. Idan kika shekara goma ba ki motsa ba, kada ki ɗora laifin duka a kan mayafinki.

Matan da kike jin labarinsu

Bari mu dube su da idon sana'a, ba da idon hoton karɓar lambar yabo ba. Funke Opeke a Ibadan ta tashi, ta yi karatun injiniya a Ile-Ife, ta ƙaro a Jami'ar Columbia, ta yi kimanin shekara 20 tana aiki a Amurka har ta kai babban muƙami a kamfanin sadarwa na Verizon. A 2005 ta dawo a matsayin shugabar sashen fasaha ta MTN, ta ɗan taɓa NITEL lokacin da Transcorp ta saye shi, ta ga irin ruɓar da ke ciki. A lokacin kebul ɗaya ne na ƙarƙashin teku ƙasar nan ke dogaro da shi, SAT-3, shi ma a hannun NITEL. Sai ta kafa kamfaninta, MainOne, a 2008, ta haɗo dala miliyan 240, aka shimfiɗo kebul mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, MainOne ya fara aiki a 2010. A 2022 Equinix ya kammala sayen kamfanin a kan dala miliyan 320. Ita kuma aka ba jagorancin kwamitin da ya tsara shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025.

Omobola Johnson ma injiniyar lantarki ce, ta yi karatu a Manchester, ta yi shekara da shekaru a kamfanin ba da shawara na Accenture har ta shugabanci reshensa na Najeriya, sannan ta zama ministar farko ta ma'aikatar fasahar sadarwa daga 2011 zuwa 2015. A can sama kuma, hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da aka kafa tun 1865, sai a 2022 ta zaɓi mace ta farko a shugabancinta, Doreen Bogdan-Martin. Kin ga ashe jinkirin ba na Kano kaɗai ba ne.

Abin da nake so ki tsinta daga labarinsu ɗaya ne. Babu wadda ta hau saboda ta iya magana kan 'yancin mata. Kowacce ta fara da sanin wani abu mai wuya sosai, ta daɗe a kansa, sannan ta koyi harshen kuɗi. Opeke ba ta ciwo kan masu zuba jari da zanen kebul ba, da lissafin abin da zai shigo ta ciwo kansu. Yawancinmu injiniyoyi muna tsayawa ne a zango na farko, muna ƙyamar lissafin kuɗi kamar aikin akanta ne kawai, sannan mu yi mamakin ganin an ɗauko wani daga sashen ciniki an ɗora mana.

Inda katangar take a gaskiya

Mutanen waje suna zaton matsalar mace a aikin nan hawan ƙarfe ne. Ba shi ba ne. Akwai masu hawa na musamman, kuma maza da yawa a sashenku ba su taɓa wuce tsanin farko ba. Katangar da ta fi tare ni ta tausayi ce.

Wata damina, ina shekara ta huɗu a aiki, motar haƙa ta masu gyaran hanya ta tsinke mana faiba, wato kebul ɗin da ke haɗa ƙarafa, da dare, ƙarafa da dama suka mutu lokaci guda. Manajana ya kira kowa ban da ni. Da safe na tarar da su idanu jajur, takalma duk taɓo, suna ta labarin yadda suka riƙe tocila har asuba mai haɗa faibar na aiki a cikin rami. Na tambaye shi, ya ce, "Haba Hajiya, ina zan taso ki ƙarfe biyun dare? A bar mata su huta." Da zuciya ɗaya ya faɗa, na tabbata. Amma da ƙarshen shekara ya zo, a takardar auna ƙwazona, hannun nan nasa ne ya rubuta cewa ina da ƙarancin gogewar fili. Tausayin da aka yi mini a watan Agusta shi ya cinye mini ƙarin girma a Disamba.

Ga kuma majalisa. Rabin shawarar ofis a garin nan ba a ofis ake yanke ta ba. A kan tabarma ake yi bayan isha'i, ko wurin mai shayi, ko a mota a hanyar zuwa ɗaurin aure Zariya. Nan ake jin wane ne zai tafi kwas, wane gurbi ne zai buɗu. Ke ba za ki zauna a can ba, kuma ban ce ki nema ba. Sai dai ki san ana yi, ki nemi abin da zai maye miki gurbinsa.

Ni abin da ya maye mini shi ne gas. Akwai wani rahoto da kowa ke gudu, na daidaita man da aka ce an zuba a injina da awannin da injinan suka yi suna aiki. Aiki ne mai gundura, takardun direbobin tanka duk maiƙo, wasu sa hannun mai gadi ne da dangwalen yatsa. Na ce a ba ni. Na zauna wata biyu ina jera lita a gefe ɗaya, awanni a ɗaya gefen, har na ga wasu ƙarafa da injinsu ke "shan" mai ko a ranakun da na'ura ta nuna da wutar NEPA suka yini. Ban zargi kowa ba, na dai tura lissafin yadda yake. Cikin mako guda wani da bai taɓa sanin ina duniya ba ya kira daga Legas yana tambayar wa ya haɗa wannan. Daga ranar aka fara sa sunana a wasiƙun da a da ba na gani. Kuma kada in ɓoye miki, wasu sun daina amsa gaisuwata har na bar wurin.

Saboda haka ki nemi lambar da shugabanni ke kwana da ita a rai, ki zama ke ce mai ita. A sashenku ba ta wuce awannin da ƙarfe ya yi a mace, kuɗin gas, satar batir, da tarar da ake cin kamfaninku idan ya gaza cika alƙawarin da ke cikin kwangila. Wadda ta riƙe wannan ba a mantawa da ita a taro, ko ba ta je majalisa ba. Game da fitar dare kuma, kada ki jira a yanke miki. Ki je da kanki ki ce a sa ki a jerin masu jiran ko-ta-kwana, ki faɗi sharaɗinki a fili: motar kamfani, direban da aka sani, da wuraren da za ki je da waɗanda ba za ki je ba. Da halin tsaron da ake ciki, akwai hanyoyin da namiji ma bai kamata ya bi da dare ba, kuma faɗin haka ba ragwanci ba ne.

Hanyoyin da ke gabanki

Idan kujerar shugabar fasaha ta ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan kike hange, gaskiya sai kin zauna Legas na wasu shekaru. Ban ga wanda ya kai can daga ofishin yanki kai tsaye ba. Wannan shawara ce ta ke da mijinki, kuma ba lallai a yanke ta bana ba. Na san wadda ta tafi bayan ta yaye na uku, na san wadda aka yi wa tayi ta ƙi, kuma ba ta yi nadama ba.

Amma shugabanci bai ƙare a wannan kujerar ba. Ofishin yanki na babban kamfani a Kano yakan riƙe jihohi da yawa, da ma'aikata da dillalai da kasafi mai kauri. Ni a nan na tsaya, kuma na ga amfaninsa, domin mai yanki ne ke iya dagewa a kafa ƙarfe a wani ƙauye da taswirar Legas ba ta san da zamansa ba. Don ki isa can, ki yi ƙoƙarin fita daga kula da fili zuwa tsara hanyoyin sadarwa, ko ɗakin sa ido da ke aiki dare da rana, ko jagorancin ayyuka. Waɗannan sassa su ke da ƙofa zuwa manyan kamfanoni.

Akwai ɓangaren gwamnati da koyarwa, wanda matasa ke rainawa. Farfesa Umar Garba Danbatta daga ajin koyarwa na jami'ar da kika gama ya bi har ya shugabanci NCC daga 2015 zuwa 2023. NCC na da ofishin shiyya a Kano, cibiyarta ta horarwa, Digital Bridge Institute, na da reshe a nan, Galaxy Backbone, kamfanin fasahar sadarwa na gwamnatin tarayya, ma ya gina cibiyar adana bayanai a garin. Ga mai aure lokutan aikin sun fi daidaituwa, kuma wanda ke rubuta ƙa'ida yana taɓa rayuwar mutane fiye da yadda ake zato. Sai dai tafiyar tana da nawa, kuma samun shiga ba cancanta kaɗai yake bi ba, ke ma kin sani.

Ta ƙarshe ita ce ki kafa naki: kai intanet rukunin gidaje, makarantu da asibitoci, ko haɗa wa ƙarafa wutar sola. Wannan ce hanyar da na fi ganin 'yar Kano za ta zama shugaba ta gaske tana cikin garinsu, amma ba yanzu ba. Tana son lasisi, jari, da haƙurin bin ofisoshi kan izinin haƙa don binne faiba, wanda aka amince a matakin ƙasa ya zama naira 145 kowace mita amma kowace jiha da yadda take yi. Ki ba kanki shekaru kina koyo da kuɗin wasu tukuna.

Ko wacce kika ɗauka, ki yi rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, da zarar shekarun aikinki sun cika, ki shiga ƙungiyar injiniyoyi ta NSE da ta mata injiniyoyi, APWEN. Ba don taron cin abinci ba, don ranar da za a nemi sa hannun injiniya mai hatimi a rasa a ofishinku sai ke.

Maganar aure kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a shafa fatiha ki zauna da shi, in da hali a gaban wani babba da yake jin nauyi, ki faɗa masa aikin yadda yake: akwai kiran dare, akwai kwas na mako biyu a wani gari, abokan aikinki maza ne kuma za su kira wayarki. "Na yarda ki yi aiki" da ake faɗa lokacin zance sau da yawa aikin ƙarfe takwas zuwa biyu ake nufi. Ki kuma ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki karanta. Dokar ƙwadago ta ba mai ciki mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a aikin. Amma da yawa daga ma'aikatan 'yan kwangila ta hannun wani kamfanin ɗaukar ma'aikata aka shigo da su, kwangilarsu shekara-shekara ake sabuntawa, sai kawai a ƙi sabunta ta wadda aka ga cikinta ya fito. Ki san matsayinki tun yanzu. Halin angonki kuwa ban san shi ba, ke da iyayenki kuka san wannan.

Gidauniya

A nan na fi karkata ga Umma, ko da yake ba duka ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau ƙarfen sabis ba zai hango shi ba. Sabon aure, aikin da kike son canzawa, da gidauniya, taura uku ke nan, alhali biyu ma ba ta taunuwa. Gidauniya ba suna da tambari ba ce kawai. Rajista ce a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da amintattu, da asusun banki, da rahoton shekara-shekara, da mutanen da za su fara sallama a ƙofarki da takardar asibiti domin sun ji an ce kina rabo. Ƙawarki kuma ta yi kuskure a lissafi. Na zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata sau da dama, ban taɓa ganin an ba wani riƙon sashe don hotunan rabon kaya ba. Wani lokacin ma tambayar da ake yi bayan mutum ya fita ita ce, "Wannan yaushe take samun lokacin aikinmu?"

Inda na saɓa wa Umma shi ne a "sai kin yi ƙarfi". Ranar ba ta zuwa. Hidima daban, gidauniya daban, kuma ta farkon ba ta jiran ta biyun.

Bari in ba ki labarin kuskurena. Lokacin da na fara riƙe yanki, na bi ta hanyar kamfani na samo kwamfutoci 20 aka kai wata makarantar 'yan mata. An yi taro, an yi jawabi, an ɗau hoto, yara sun yi waƙar maraba. Bayan shekara na koma ba tare da sanarwa ba. Na tarar da su a ofishin shugabar makaranta cikin kabad, wasu ko ledarsu ba a cire ba, ƙura ta yi musu lulluɓi. Ba mugunta ta yi ba. Babu wuta, babu malamin da ya iya, kuma ta ji tsoron idan ɗaya ta ɓace daga albashinta za a cire. Laifina ne. Na kai abin da zai yi kyau a rahoto, ban tambayi abin da ake buƙata ba.

Abin da ya yi aiki daga baya ba shi da hoto ko ɗaya. Malamar wata Islamiyyar matan aure a cikin gari ta ce in zo ranar Asabar bayan la'asar in duba musu wayoyinsu. Na tafi da shirin koyar da intanet. Tambayar farko da aka yi mini ta rushe shirin. Wata dattijuwa mai sayar da turaren wuta ta miƙo ƙaramar wayarta ta ce an rufe mata layi. Lokacin ana tsakiyar rububin haɗa layi da lambar NIN da aka fara a Disambar 2020. Da muka bincika, layin da sunan yaron maƙwabta aka yi masa rajista shekaru da suka wuce, yaron kuma ya bar gari. Duk masu sayen turarenta wannan lambar suka sani, asusunta na banki ma a kanta yake. Na ce duk wadda layinta ba da sunanta yake ba ta ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi sun ba ni kunya, ni da na shekara kusan 20 ina alfaharin mun kai sabis ko'ina. Wata na mijinta ne, wata na ɗanta, wata mai shago ne ya ba ta shi da rajistarsa.

Daga nan darasin ya tsara kansa. Yadda mace za ta mallaki layi da sunanta. Cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko lambobin da aka turo ta saƙo, duk wanda ya nema ɗan damfara ne, ko da ya kira sunanki da na mahaifinki. Kada a miƙa wa mai POS kati a faɗa masa lambar sirri da baki. A cire katin ajiya da layi kafin a ba mai gyara waya. Yadda ake ɓoye hoto a WhatsApp daga baƙin lambobi. Yadda ake hana bidiyo sauka da kansa yana cinye data, wanda ya ƙara zama dole bayan NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Babu abin da na kashe sai kuɗin mai. Kuma ban ƙirƙiro komai ba, tsarin da Nana Asma'u ta bi ne da jajinta, matan da ta horar su koyar, tun ƙarni na 19: a koya wa kaɗan, su shiga gidajen da ke ba za ki shiga ba. Yanzu mata uku daga ajin farko su ke koyarwa, ni sai in an ci karo da abin da ya gagara.

Ki lura, manyan ma haka suka yi. Hidimar da aka fi tuna Opeke da ita ba rabon shinkafa ba ce, faibar da kamfaninta ya shimfiɗa zuwa Yaba ce, wadda ta taimaka unguwar ta zama matattarar matasan fasaha a Legas. Johnson kuma tun 2001, tana tsakiyar aikinta, ta haɗu da wasu mata suka kafa WIMBIZ don mata masu aiki da kasuwanci su riƙa jan juna. Kowacce daga cikin abin da ta iya ta bayar. Shinkafa kowa mai kuɗi zai iya rabawa, amma mutum nawa ne a unguwarku zai iya bayyana wa uwa dalilin da ya sa aka kwashe mata kuɗi, da Hausar da za ta gane, a ɗakin da namiji ba ya shiga?

Idan abin ya girma har yana son kuɗi, akwai rijiyoyin da aka riga aka haƙa. NCC na da asusun USPF na kai sadarwa inda kamfanoni ba sa ganin riba. Gidauniyar MTN daga ribar kamfanin ake ware mata har kashi ɗaya cikin ɗari. A nan Kano CITAD ta daɗe tana aikin koyar da fasaha, har da na mata. Ranar 'yan mata da fasahar sadarwa ta duniya kuma Alhamis ta huɗu ce a watan Afrilu, makarantu na neman mace injiniya da za ta zo ta tsaya gaban yara. Ki je irin kwalejin kimiyya ta 'yan mata da ke Garko da hular kwanonki da guntun faiba a jaka, ki bari su taɓa. Gargaɗi ɗaya mai nauyi: kada ki taɓa neman gudummawa daga ɗan kwangila ko dillalin da takardarsa ke bi ta teburinki, ko da don marayu ne. Ranar da za ki ƙi sa hannu a aikinsa zai tuna miki, kuma ba a ɓoye ba.

Abin da zan so ki fara da shi ma yana cikin ofishinku. Duk shekara ɗalibai daga Kano Poly da Wudil da Bayero suna yawo da takardar neman gurbin sanin makamar aiki, matan cikinsu kuma akan ajiye su wurin karɓar baƙi suna rubuta sunaye har wata shida ya ƙare. Ki roƙi manajanki ya ba ki biyu a bana. Ki fita da su fili da rana, ki sa su karanta mitar inji, su buɗe akwatin batir, su cika rahoton da hannunsu, ki sa sunayensu a kai lokacin turawa. Ajinmu na Asabar kuma yana nan bayan la'asar. In an gama hidimar biki kin huta, ki zo ki zauna a baya sau biyu ko uku kina saurare kafin ki ce komai. Ki taho da cajarki da abin jona wuta mai baki da yawa, soket ɗaya ne a ajin kuma kullum rigima ake a kansa.